Daga Mai'adua Zuwa Rumbun Bayanai: Abin da Ke Zubewa a Hanya

Sunan Mai'adua gajere ne, amma a takardun ofis da allunan kwamfuta yana fitowa da kamanni da yawa. A wani wuri Mai'adua, a wani Maiadua, a wani Mai-Adua ko Mai Adua, masu bin ƙa'idar rubutun Hausa kuma sukan rubuta Mai'aduwa. Mutumin Daura ko na Zango ba ya ruɗewa, domin ya san garin, ya san kasuwarsa ta Lahadi da dabbobin da ake kawowa cikinta daga Nijar, ya san hanyar da ta bi ta Kwangwalam ta shiga ƙasar Damagaram. Kwamfuta ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A wurinta sunaye biyar ke nan na wurare biyar, kuma idan aka ce ta tara jimillar yaran da aka yi wa rigakafi a ƙaramar hukumar, tana iya raba su gida biyar ko ta bar huɗu a baya ba tare da ta ce uffan ba.

Wannan ƙaramin misali ƙofa ce ta shiga wata babbar matsala da masu rubuta manhaja suka daɗe suna fama da ita, wato yadda za a ɗauki bayani daga cikin na'ura, a ajiye shi ko a aika shi, sannan a dawo da shi ba tare da wani abu ya zube a hanya ba. Matsayin da wannan rubutu ya ɗauka shi ne, duk manhajar da ta karɓi bayanin mutum ta ɗauki amana. Wajibi ne ta mayar da shi yadda ta karɓa, ko kuma ta faɗa ƙarara cewa ga abin da ba za ta iya riƙewa ba. Alhakin tabbatar da haka yana wuyan masu ƙera manhajar da hukumomin da ke sayen ta. Bai kamata a jibga shi a kan akawun da ke buga bayanin ko talakan da sunansa ya lalace ba.

Naɗewa da warwarewa

Yayin da manhaja ke aiki, bayanan da take sarrafawa suna zaune a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta na'urar, a shimfiɗe, wannan na nuni ga wancan: sunan majinyaci na haɗe da katinsa, katin na haɗe da maganin da aka ba shi, maganin na haɗe da abin da ya rage a ɗakin ajiya. Wannan ƙwaƙwalwa tana da saurin aiki, amma da zarar wuta ta ɗauke ko batir ya mutu, duk abin da ke cikinta ya tafi. Don haka dole a mayar da wannan shimfiɗa ta zama jeri guda na haruffa da lambobi, ɗaya bayan ɗaya, wanda za a iya rubutawa a ma'ajiya ko a tura ta intanet. Ana iya kiran wannan aiki naɗewa, kamar yadda ake naɗe tabarma idan za a yi tafiya. A ɗaya ɓangaren kuma sai a warware, a sake shimfiɗawa.

Mai rubuta manhaja ba kasafai yake rubuta wannan aiki da hannunsa ba. Yakan ɗauko shi daga abin da ake kira laburaren manhaja, wato tarin ayyukan da wasu suka riga suka rubuta suka ajiye don kowa ya ɗiba. Harshen Java ya zo da nasa tsarin naɗewa tun 1997. Harshen Python yana da wanda ake kira pickle. Akwai tsarin JSON da Douglas Crockford ya yaɗa a farkon shekarun 2000, wanda a yau kusan kowace manhajar waya ke magana da shi. Akwai kuma tsoho mai sauƙi, CSV, wanda layuka ne kawai da waƙafi ke raba su, kuma shi ne ma'aikatan ofis ke buɗewa da Excel kullum. Saboda dubban manhajoji na ɗiba daga laburare guda, kuskure ɗaya a cikinsa yakan bazu kamar gishiri a miya.

Ma'aunin nagartar naɗewa ɗaya ne: a naɗe abu, a warware shi, a kwatanta da na asali. Idan sun yi daidai ta kowace fuska, aiki ya yi. Faɗar haka na da sauƙi. Wahalar tana cikin kalmar "kowace fuska", domin kowane abu mai aiki yana da fuskar da ake gani da kuma halin cikinsa da ba a gani.

Littafin uwar adashi

Adashi ya isa ya bayyana bambancin. A littafin uwar adashi akwai sunayen masu zubi, da abin da kowa ya zuba, da ranar da ya zuba. Wannan shi ne abin da ido ke gani. Amma akwai abin da take riƙe da shi a ka: wace ce za ta kwasa a wannan makon, wace ce ta roƙi a ba ta ɗauka da wuri saboda bikin 'yarta har wata ta yarda suka yi musanya, wace ce ta ba da rabin zubi da alkawarin cikawa ran Juma'a. Idan uwar adashi ta tafi aikin hajji ta bar wa ƙanwarta littafin kaɗai, duk lissafin da ke ciki daidai ne, amma adashin zai watse, domin abin da ke tafiyar da shi bai shiga littafin ba.

Haka manhaja take. Manhajar da ke buga rasit a tashar karɓar haraji tana riƙe da lambar rasit na gaba. Idan aka naɗe ta aka manta da wannan ƙirga, da aka warware sai ta koma kan lamba ɗaya, a wayi gari rasit biyu na ɗauke da lamba guda, mai binciken kuɗi kuma ya zargi ma'aikaci da abin da bai yi ba. Manhajar tattara bayanan lafiya a waya tana riƙe da alamar waɗanne takardu ta riga ta tura, waɗanne ke jiran a samu intanet. Idan alamar ta ɓace, ko dai ta sake tura waɗanda ta tura a ƙirga yaro ɗaya sau biyu, ko ta ɗauka ta tura waɗanda ba ta tura ba. Na'urar POS ta ɗan kasuwa tana shiga wani ɗan taƙaitaccen hali tsakanin "an cire kuɗi daga wancan asusu" da "sun shiga wannan". Idan ta mutu a daidai wannan gaɓa ta farfaɗo ba ta tuna inda aka kwana ba, mai sayen bijimi da dillali za su yini suna nuna wa juna waya. Duk wanda ya yi ciniki a watannin farko na 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya san nauyin wannan gaɓa.

Masu ƙera harsunan kwamfuta sun san da matsalar. Python ya tanadi ƙofofi biyu da mai rubutu zai bayyana da kansa abin da za a ɗauka lokacin naɗewa da yadda za a mayar da shi lokacin warwarewa. Java yana da kalmar da ake liƙa wa wani sashe don a ce kada a naɗe shi. Kayan aikin suna nan. Abin da kan yi ƙaranci shi ne mutumin da zai zauna ya tambayi kansa: me wannan abu ya sani wanda bai rubuta ba?

Wuraren da ƙunshi ke yoyo

Na farko shi ne harafi. Tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, yana da gurabe 128 ne kacal, kuma babu ƙ, ɗ ko ɓ a cikinsu. Tsarin Unicode ya ba waɗannan haruffa gurbi tun farkon shekarun 1990, UTF-8 kuma, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ya sauƙaƙa ajiye su. Duk da haka, rumbun bayanan da aka saita da tsohon tsarin haruffan Turai ta Yamma yakan mayar da kowane harafi mai ƙugiya alamar tambaya, Ƙanƙara ta koma ?an?ara. Wasu kuma sukan yanke ƙugiyar a ɓoye, baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa. Ko saƙon tes na waya yana da nasa tarko: harafi 160 yake ɗauka, amma da zarar ƙ guda ta shiga, sai ya koma tsarin da ke ɗaukar 70 kawai, abin da ke sa masu aika saƙo da yawa su zubar da ƙugiyar don rage kuɗi.

Alamar da ke tsakiyar Mai'adua, Sa'adatu, Mu'azu da Rabi'u tana da tata masifar. A rubutun Hausa baƙi ce mai cin gashin kanta, tana wakiltar hamza. A harshen SQL da ake tambayar rumbun bayanai da shi kuwa, ita ce ke nuna ƙarshen magana, don haka mai rubutun da bai iya killace ta ba yakan hana shigar da ita ɗungum. Ga shi kuma kwamfuta na da ire-irenta fiye da biyu, miƙaƙƙiya da lanƙwasassu, masu kama a ido amma lambarsu daban. Ƙasar da ta yi shugaba mai suna Umaru Musa 'Yar'adua daga 2007 zuwa 2010 ba ta da uzurin sayen manhajar da ke tuntuɓe da wannan alama.

Na biyu shi ne sifilin farko. Lambar wayar Najeriya goma sha ɗaya ce, kuma da sifili take farawa. Lambar asusun banki goma ce, da yawa daga cikinsu da sifili suke farawa. Idan aka buɗe fayil ɗin CSV da Excel yadda aka saba, yakan ɗauke su a matsayin adadi, adadi kuwa ba ya buƙatar sifili a gaba, sai ya share shi. Lamba mai tsawon fiye da goma sha biyar, irin ta katin banki ko ta jikin layin waya, yakan mayar da ƙarshenta sifilai. Idan aka adana fayil ɗin a haka, asalin ya tafi. Jerin sunayen manoman da za a biya tallafi na iya lalacewa ta wannan hanya ba tare da hannun ɓarawo ba. Sai a 2023 kamfanin Microsoft ya ƙara wurin da mai amfani zai kashe wannan sauyi na kai-tsaye. Kafin nan masana ƙwayoyin halitta sun gaji da yadda Excel ke mayar da sunaye irin su MARCH1 da SEPT1 kwanan wata, har a 2020 kwamitin da ke raɗa sunayen ya sauya su zuwa MARCHF1 da SEPTIN1. Kamfanin Twitter ma ya gamu da irin wannan a 2010, lokacin da lambobin saƙonninsa suka zarce abin da harshen JavaScript ke iya riƙewa daidai, dole ya riƙa aika kowace lamba har da kwafinta a matsayin rubutu.

Na uku shi ne ma'auni. Adadi ba tare da ma'auninsa ba rabin zance ne. A garin da ake ciniki da naira da sefa a rumfa ɗaya, "dubu hamsin" na buƙatar a ce na me. Bahaushen kasuwa ma ya san mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Akwai kuma bambancin rubutu: a Najeriya waƙafi ke raba dubbai, ɗigo ya raba naira da kwabo, a tsarin Faransanci da ake bi a Nijar kuwa waƙafi ne ke raba cikakken adadi da ɓarinsa. Fayil ɗin da aka rubuta a Matamaye aka buɗe a Daura na iya ba da wani adadi dabam. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da kumbon da hukumar NASA ta aika duniyar Mars, wanda ya salwanta a watan Satumba na 1999, saboda wata manhaja ta rubuta adadi da ma'aunin Ingilishi, wadda ta karɓa kuma ta karanta shi da ma'aunin mita.

Na huɗu shi ne kwanan wata. JSON ba shi da wani nau'i na musamman don kwanan wata, kowa yadda ya ga dama yake rubutawa. A Najeriya da Nijar 03/04 na nufin uku ga Afrilu, a manhajar da aka saita da tsarin Amurka kuwa huɗu ga Maris. Akwai ƙa'idar duniya tun 1988, ISO 8601, mai fara da shekara, sai wata, sai rana, wadda ta kawar da wannan ruɗani ga duk wanda ya bi ta. Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi. Dattawa da yawa a karkara ba su san ranar haihuwarsu ba, sun san dai shekarar wani fari ko zamanin wani sarki. Tsoffin takardun ƙasashen da Faransa ta mulka sukan rubuta cewa an haifi mutum "wajajen" shekara kaza, wanda gaskiya ce tsantsa. Fom ɗin kwamfuta da bai da gurbin "wajajen" yakan tilasta a ƙirƙiro rana, galibi ɗaya ga Janairu. Rashin tabbas bayani ne shi ma, kuma da aka zubar da shi sai ƙiyasi ya sa rigar tabbas. Ranar da wani ofis ya ƙiyasta wata shekarar daban, sai a ce wa dattijo takardunsa sun saɓa.

Sifili da shiru

Na biyar ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne wani babban laburare ya yi kuskure a bainar jama'a ya kuma gyara. Kamfanin Google ya saki tsarinsa na naɗewa mai suna Protocol Buffers ga kowa a 2008. Da ya fitar da zubi na uku a 2016, ya sauƙaƙa abubuwa biyu. Na ɗaya, idan manhaja ta karɓi saƙo mai ɗauke da wani sashe da ba ta gane ba, sai ta yar da shi. Na biyu, an daina bambanta adadin da aka rubuta sifili da wanda ba a rubuta komai ba. Masu amfani da shi suka yi ta kuka. Saƙo yakan ratsa na'urori da yawa kafin ya isa, kuma idan ta tsakiya tsohuwa ce, sai ta zubar da sabbin sassan da ta farko ta aiko wa ta ƙarshe, kamar ɗan aiken da ya buɗe ƙunshi ya watsar da duk abin da bai san amfaninsa ba. A 2017, a zubi na 3.5, Google ya dawo da riƙe sassan da ba a gane ba. Bayan 'yan shekaru kuma ya dawo da hanyar bambanta sifili da rashin amsa.

A asibitin ƙauye wannan bambanci na iya zama na rai da mutuwa. Idan rahoton mako ya ce masu ƙyanda sifili ne, ma'anarsa an duba ba a samu ba. Idan gurbin ya zo fanko, ma'anarsa ba a sani ba: wataƙila ma'aikacin bai zo ba, wataƙila waya ta lalace. Jami'in da ke Katsina yana bukatar ya san wanne ne, don ya san inda zai tura mota. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke kula da ita kuma Najeriya ke tara bayanan lafiya da ita, tana da wurin da ake zaɓar ko a adana sifili ko kada a adana. Zaɓi ne da wani mutum ke yi a ofis, sau da yawa ba tare da ya san abin da ya rataya a kansa ba.

Mafi munin asara ita ce ta shiru. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba na 2020, sakamakon gwajin korona 15,841 bai shiga ƙididdiga a kan lokaci ba, saboda an zuba bayanan a tsohon tsarin fayil na Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. Da ya cika, sauran suka zube ba tare da wata ƙararrawa ba, aka yi jinkirin neman dubban mutanen da suka yi cuɗanya da masu cutar. Idan hakan ta faru a ƙasa mai wadatar ma'aikata da wutar lantarki, babu dalilin zaton ba ta faruwa a inda babu mai bin diddigi.

Dalilin da abin ya fi tsanani a bakin iyaka

A babban birni mai intanet mai ƙarfi, bayani kan tafi kai-tsaye daga hannun mai bugawa zuwa rumbu. A Mai'adua, Baure, Zango da Sandamu, hanyar ta fi tsawo. Ma'aikacin rigakafi yakan cike fom a waya a ƙauyen da babu sabis, da manhaja irin ODK, wadda aka fara a 2008 kuma aka yi amfani da ita sosai a yaƙin da ya kai ga ayyana Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar shan-inna ta daji a watan Agusta na 2020. Fom ɗin zai kwana a wayar, batir ya mutu, a kai caji, a tura washegari. Daga can wani ya sauke shi a matsayin CSV, ya buɗe da Excel, ya gyara, ya tura ta WhatsApp, wani ya sake lodawa a wani rumbun. Kowane mataki naɗewa ne da warwarewa, kowanne kuma dama ce ta zubewa. Ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 200,000, mai harshen ofis biyu a maƙwabtaka da kuɗi iri biyu a kasuwa, tana gwada manhaja fiye da yadda ɗakin gwajin Legas ko Abuja zai gwada ta.

Sannan zamani ya ɗaure rayuwar mutum da daidaituwar rumbuna. An ƙaddamar da lambar BVN ta banki a 2014. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta umarci a haɗa layin waya da lambar NIN, daga 2021 kuma hukumar JAMB ta sa NIN cikin sharuɗɗan rajista. Yanzu na'ura ce ke kwatanta sunan da ke wannan rumbu da na wancan. Idan ɗaya ya riƙe Isma'il, ɗaya ya mayar da shi Ismail, wanda zai bar gona ko rumfa ya hau mota zuwa Daura ko Katsina, ya bi layi, ya biya kuɗin gyara, shi ne mai sunan. Wanda ya rubuta manhajar ba zai taɓa jin labarin ba.

Hujjar masu sassautawa

Akwai masu cewa ba duk abin da ke cikin manhaja ya kamata a naɗe ba, kuma suna da gaskiya. Lambar sirrin katin banki bai kamata ta shiga fayil ba. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta ginu a kan kada a tara fiye da abin da ake bukata. Wasu abubuwan kuma ba sa naɗuwa ko an so, kamar layin sadarwa da ke buɗe tsakanin na'ura biyu, wanda dole a sake buɗe sabo. Akwai haɗarin tsaro: littafin bayanin Python da kansa ya yi gargaɗin kada a warware ƙunshin pickle da ya fito daga hannun da ba a amince da shi ba, domin yana iya ɗauke da umarnin ɓarna. Ga kuma tsadar data a wurin da sabis ke rarrafe.

Akwai kuma masu cewa sauƙaƙa suna ya zama dole don ƙasashe su fahimci juna. Layuka biyun da ke ƙasan shafin fasfo, waɗanda na'ura ke karantawa, ba sa ɗaukar komai sai manyan haruffan Ingilishi 26 da lambobi da alama guda ta cike gurbi, kuma ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya ta ce a cire alamar hamza a wurin.

Duk waɗannan hujjoji ne na a zaɓi abin da za a bari da sani. Babu ɗaya daga cikinsu da ke halatta a zubar da abu cikin rashin sani. Fasfo ɗin ma ya nuna hanya, domin a samansa akwai wurin da ake rubuta suna don idon mutum, a ƙasa kuma sauƙaƙƙen kwafi don na'ura. Daga Ɗanladi ana iya samar da Danladi a kowane lokaci, amma daga Danladi na'ura ba ta da hanyar sanin ko akwai ƙugiya. Saboda haka a ajiye cikakken, a riƙa ciro sauƙaƙƙen idan bukata ta taso. Rubutun boko kansa ya bar karin sauti da tsawon wasali, har "gari" na zama da na tuwo suka zama kalma ɗaya a takarda, amma ya tsira saboda mai karatu Bahaushe na cike giɓin daga ma'anar jimla. Rumbun bayanai ba shi da wannan basira.

Abin da ya kamata a nema kafin a sa hannu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da hukuma ke da ƙarfi a kan ɗan kwangila shi ne kafin ta biya, kuma gwajin da ake bukata bai fi ƙarfin sakataren ƙaramar hukuma ba. A shigar da Mai'adua, Ƙanƙara, Ɓatagarawa da Ɗandume. A shigar da lambar waya mai sifili a gaba, da dattijon da shekarar haihuwarsa kaɗai aka sani, da rahoto ɗaya mai sifili da ɗaya fanko, da kuɗi a naira da kuɗi a sefa. A fitar da bayanan, a mayar da su, a kwatanta harafi da harafi. Sannan a fara cike fom, a kai tsakiya, a cire batir, a kunna, a ga ko manhajar ta san inda ta tsaya, ko lambar rasit ta ci gaba daga inda take. A ƙarshe a ɗauko fayil ɗin da tsohon zubin manhajar ya rubuta a buɗe da sabo. Manhajar da ta faɗi ɗaya daga cikin waɗannan ba ta kai a biya kuɗinta ba.

Ga masu rubuta laburare da manhaja kuma, ƙa'idojin sanannu ne. Lambar shaida suna ce, a ajiye ta a matsayin rubutu. Kowane adadi ya tafi da ma'auninsa. Kowane ƙunshi ya ɗauki alamar zubin da ya rubuta shi, don mai warwarewa bayan shekara goma ya san da wace ƙa'ida zai karanta. Abin da ba a gane ba a wuce da shi gaba yadda yake. Kowace hada-hadar kuɗi ta sami lamba tata tun kafin a tura, don ko an sake turawa kada a cire sau biyu. Abin da aka bari da gangan a rubuta shi a takardar bayani. Idan kuma manhaja ta ga ba za ta iya riƙe wani abu ba, ta tsaya ta yi ƙara, domin kuskuren da ya yi ihu a ofis ana gyara shi a ranar, wanda ya yi shiru kuwa sai ya kai ga talaka.

Malaman ilimin kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suna da rawar takawa mai sauƙi: su sa ɗalibai su gwada aikinsu da sunayen garuruwansu da na iyayensu, maimakon sunayen Turawa da ke cikin littattafai. Yawancin manyan laburaren nan a buɗe suke, kowa na iya kai rahoton kuskure ko ya aika gyara, kuma ɗalibin da ya tura misalin gwaji mai ɗauke da ƙ da hamza ya yi wa miliyoyin masu irin sunansa aiki. Hukumomin da ke riƙe da rumbunan shaida kuma ya dace su bambanta gyaran da mutum ya nema don ya sauya suna da gyaran da ya zama dole don na'ura ta yanke masa harafi. Na biyun bai kamata a karɓi ko kwabo a kansa ba, kuma ya kamata a iya yin sa a sakatariyar Mai'adua ba sai an je Katsina ba.